Wayar da ke kai labarin ambaliya ƙetare, me ya hana ta kawo gargaɗi gida?

Ranar Juma'a 30 ga watan Agustan 2024, ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin minti 90. A shekarar da damina ta yi daidai, abin da birnin ke samu daga ruwan farko har ɗaukewarsa bai cika wuce milimita 500 ba. Ke nan sama da rubu'in ruwan shekara ne ya zuba cikin awa ɗaya da rabi. Tituna suka koma ƙoramu, ruwa ya ja motoci da babura, gidajen ƙasa suka zube. Gwamnan jihar a lokacin, Issoufou Mamane, ya sanar da rasuwar mutum 15 a alƙaluman farko.

Kafin sanarwar gwamna, hotuna sun riga sun zagaya. Ɗan Maraɗin da ke bida a Abijan, ko Legas, ko Tarabulus ya ga unguwarsu a fuskar waya tun ruwan bai gama janyewa ba. Tun daga lokacin wata tambaya ke dawowa a fada da zaurukan WhatsApp duk sa'ad da damina ta ƙarato: abin da ke iya nuna wa mutumin da ke nesa da gida cewa katangar mahaifinsa ta faɗi, me ya hana shi gaya wa mahaifin ya fita daga ɗakin tun katangar na tsaye?

Daminar da ba a manta ba

Alƙaluman ƙarshe da ministan cikin gida, Janar Mohamed Toumba, ya bayar sun nuna cewa ambaliyar 2024 ta kashe mutum 396 a Nijar, ta kuma shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi. Jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram ne suka fi asarar rayuka. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe ranar 3 ga Satumba. A watan Agusta ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai na wasu kwanaki. Komawa makaranta da aka shirya ranar 2 ga Oktoba sai da aka ɗaga ta zuwa 28 ga watan, saboda wasu azuzuwan sun lalace, wasu kuma waɗanda suka rasa muhalli ne a ciki.

Akwai wani abu a cikin alƙaluman da ba a cika tsayawa a kansa ba. A ƙididdigar farkon Satumba, daga cikin mutum 273 da suka rasu zuwa lokacin, 152 gini ne ya faɗa musu, 121 kuma ruwa ya ci su. Gidan ƙasa kan sha ruwa kwana da kwanaki, gindin bango ya jiƙe, sannan ruwa mai ƙarfi ya zo ya ƙarasa shi, sau da yawa da dare, mutane na kwance. Ga irin wannan mutuwa, gargaɗin awa ɗaya ma ya isa uwa ta kwashe yaranta zuwa gidan maƙwabci mai siminti, ko masallaci, ko makaranta.

Abin da wayar ta yi

Ƴan ci-rani su ne kan gaba wajen yabon waya, kuma suna da hujja. A da, wanda ke bakin teku sai ya jira mai komawa gida ko direban mota kafin ya aiko da kuɗi, labarin ɓarna ma kan iske shi bayan makonni. Yanzu kuɗin da aka zuba da safe ta Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money ko Moov Money na iya zama buhun hatsi da tamfol kafin la'asar. Zaurukan ƴan gari ɗaya, waɗanda a ranakun lafiya ake cika su da sanarwar aure da suna, kan koma asusun gaggawa: a rubuta sunayen gidajen da suka faɗi, kowa ya turo abin da ya sawwaƙa, ma'aji ya sa hoton rasit kowa ya gani.

Matasan cikin gari ma sun ga amfaninta. Ɗan kabu-kabu na sanar da abokan sana'arsa hanyar da ta yanke. Hoton gadar da ruwa ya ci kan isa ga hukuma kafin rahoton ma'aikaci. Saƙon murya ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofar da rubutu ya rufe masa, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba.

Sai dai duk waɗannan ayyuka ne na bayan ɓarna.

Ranar da aka fi buƙatarta

Masu ƙorafi kuwa na cewa waya kan yi shiru daidai lokacin da ake neman ta. Ruwa mai ƙarfi kan zo da iska, iska ta kayar da turakun lantarki, wuta ta ɗauke. Eriyar kamfanin waya na da batir da janareta, amma suna da iyaka, kuma idan dubban mutane suka buga kira lokaci guda rezo kan toshe. Wanda ke ƙetare ya ga bidiyon unguwarsu da tsakar dare, ya buga lambar uwa, ta ƙane, ta maƙwabci, babu wadda ta shiga. Ƴan ci-rani da yawa sun san irin wannan dare.

Ko a ranakun lafiya caji kansa aiki ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar. Lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba ƙasar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, birane suka ɗanɗani abin da ƙauye ya saba da shi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma darasin ya zauna: farantan sola sun yawaita a kan rufin gidaje da shaguna, fawabank ya shiga aljihun matasa, mai cajin waya a bakin kasuwa na karɓar dala goma ko ashirin a kan kowace waya. Intanet ta tauraron ɗan Adam ta Starlink, wadda ta fara aiki a ƙasar a 2025, ba ta dogara da eriyar unguwa ba, amma ita ma sai da wuta, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ga kuma jita-jita. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Bidiyon irin wannan rana, idan aka yanke masa suna da kwanan wata, kowa na iya liƙa masa sunan garin da ya ga dama. Mutanen kwarin Gulbin Maraɗi sun san cewa ruwansu daga Najeriya yake fitowa, akwai kuma madatsar Jibiya a samansu, don haka saƙon murya ɗaya da ya ce madatsa ta fashe ya isa ya hana ƙauyuka barci. Har suna ma kan rikita mutane: da ambaliya ta kashe sama da mutum 150 a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, jihar Neja ta Najeriya ce abin ya shafa, amma a Turanci da Faransanci rubutun sunanta ɗaya ne da na Jamhuriyar Nijar. Mai turawa ba tare da bincike ba na iya jefa kansa cikin matsala, domin gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a watan Yunin 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Illar da ta fi wannan ita ce, wanda aka tsorata sau biyu a banza ba zai tashi ba a karo na uku.

Me ya sa manhajar yanayi ke kuskure?

Kusan kowace Tecno, Itel ko Infinix na zuwa da alamar gajimare a fuskarta, kuma matasa da yawa sun daina kula ta. Ta ce za a yi ruwa, rana ta ƙwalle. Ta ce sarari, a kwana ana kwarfar ruwa daga ɗaki. Laifin ba na wayar ba ne. Manhajar na ɗauko hasashenta ne daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka, waɗanda ke raba duniya gida-gida, kowane gida kilomita tara zuwa sama da ashirin. Lissafin kan yi kyau ne gwargwadon ma'aunan da ke ƙasa, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. Hadarin Sahel kuwa kan haɗu cikin sa'o'i kaɗan, ya zuba a unguwa ɗaya ya tsallake ta kusa da ita.

Hadarin ma ya canza hali. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadurra masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Masana na World Weather Attribution kuma sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan 2024 ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a yankunan kogin Isa da tafkin Cadi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, idan ta sauke kuma sai ta sauke da yawa.

Amma akwai abin da kowane manomi ya sani tun kafin zuwan waya: hadarin damina daga gabas yake tasowa. Manyan hadurran kan yi jeri su nufi yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Tsakanin Damagaram da Maraɗi akwai kimanin kilomita 235, don haka hadarin da ya daki Damagaram da la'asar na iya isa Maraɗi bayan isha'i, ya bi ta Takeita, Tasawa da Agye. Ba kowane ke isowa ba. Wani kan mutu a hanya, wani kuma a kan gari yake haɗuwa. Duk da haka, zauren da ke da amintattun mutane a waɗannan garuruwa, kowa na faɗin abin da idonsa ya gani da lokacin da ya gani, ya fi alamar gajimaren waya amfani.

Ambaliyar kogi ta fi sauƙin hange. A Yamai ana auna tsawon kogin Isa kullum. Idan ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi, kuma a Satumban 2020 ya kai 700, ya fasa shinge ya shiga unguwanni irin su Lamorde. Irin wannan ruwa kan ba da kwanaki. Na Maraɗi, Tawa da Damagaram, wanda ke zubowa daga sama ya bi ƙorama, sa'o'i kawai yake bayarwa.

Ilimin yana nan, isar da shi ne aiki

Nijar ba ta rasa masana ba. Cibiyar AGRHYMET da cibiyar ACMAD, waɗanda ke yi wa ƙasashe da dama hasashe, duk a Yamai suke, ga kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa. Tun a watan Afrilun 2024 hasashen damina na yankin ya nuna cewa ruwa zai wuce yadda aka saba a Sahel, da haɗarin ambaliya. Sai dai yawancin waɗannan bayanai da Faransanci ake rubuta su, da taswira da alƙaluma, masu hawa intanet a ƙasar kuma ba su kai rabin jama'a ba. Tsakanin ofishin masani da ɗakin tsohuwar da ke bakin ƙorama akwai tafiya.

Matasa masu bin harkar fasaha na nuni da wata hanya da wasu ƙasashe ke amfani da ita. Maimakon a tura saƙo lamba-lamba, eriya ce ke watsa shi ga duk wayar da ke ƙarƙashinta lokaci guda, da ƙara mai tayar da mai barci. Ba ya buƙatar intanet ko kuɗi a waya, cunkoson kira kuma ba ya tare shi. Faransa ta fara nata, FR-Alert, a 2022. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. Hujjar matasan mai sauƙi ce: kamfanonin da ke iya turo tallar garaɓasa ga kowace waya sau da yawa a rana ba za su kasa turo gargaɗin hadari ba, idan hukuma ta tsara ta kuma wajabta.

Abin da ya faru a Balansiya ta ƙasar Sifen ya nuna cewa na'ura kaɗai ba ta isa ba. Ranar 29 ga Oktoban 2024 hukumar yanayi ta ba da jan gargaɗi tun da safe, tsarin tura saƙo ga wayoyi yana nan yana aiki, amma hukumomin yankin ba su tura ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, lokacin da ruwa ya riga ya shiga gidaje. Sama da mutum 220 suka mutu. Dole a san tun da wuri wanda ke da ikon danna maɓalli, da ma'aunin da zai sa ya danna.

A Nijar akwai ƙarin sharaɗi. Saƙon ya zo da harshen da mutane ke ji. Kundin da aka amince da shi a 2025 ya ma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya kuma faɗi abin yi da wurin zuwa, domin "a yi hattara" ba ta fitar da kowa daga ɗaki. Sannan ya sauka daga waya ya shiga rediyon al'umma, waɗanda ƙasar ke da sama da ɗari, ya shiga lasifikar masallaci da bakin mai unguwa.

Waya ba ta yashe magudana

Dattawa da masu fafutukar muhalli na kallon lamarin ta wani gefen. A ganinsu, ko gargaɗi ya zo kan lokaci, rai kawai zai tsira, gida zai tafi. Tarihin Maraɗi na goyon bayansu. Tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta rushe shi, aka tayar da jama'a zuwa kan tudu. Yau birnin ya cika ya tumbatsa, kuma a nan, kamar a Damagaram, Tawa da Yamai, an yanka filaye a hanyoyin ruwa da tsofaffin tafkuna. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi inda ya fi araha, ya gina da abin da ya samu. Gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, amma siminti ba ya canza wa ƙorama hanya.

Ga kuma leda. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ke da dokar da ta hana ƙerawa, shigowa da sayar da ledoji marasa kauri. Wanda ya leƙa magudanar kowace babbar kasuwa zai ga inda dokar ta tsaya. Ledar ruwan sha da baƙar ledar cefane kan haɗu da yashi su toshe magudana, ruwa ya nemi wata hanya, hanyar kuma ta cikin gidan wani ce. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma a can an bi dokar da hukunci.

Kayan fasahar kansu sun fara shiga wannan shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki a 2022, kuma a Afirka abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Batirin sola mai ruwa yana ɗauke da dalma da asid. Idan ya mutu aka fasa shi a tsakar gida, ko ruwa ya tafi da shi, gubar kan shiga ƙasar da yara ke wasa a kai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutar da jikin yaro. Mafitar ɗaukewar wuta na iya zama ciwon gobe idan ba a tsara inda mataccen batir zai je ba.

Masu wannan ra'ayi kan kawo misalin sassaben zamani. Daga shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tsiron gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200, kuma ƙasar da ke da itace ta fi shan ruwa maimakon ta sake shi ya gangara. Daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ta bazu, lokacin babu salula ko ɗaya a karkara.

Kafin ruwan farko

Akwai abin da mai waya zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Ya ɗauki hoton takardar fili, ta haihuwa, katin ɗan ƙasa da takardun makaranta, ya tura wa ɗan'uwa amintacce a wani gari. Idan gabas ta yi baƙi, ya cika waya da fawabank, ya ƙulle su a abin da ruwa ba ya shiga. Batirin sola da na'urarsa a ɗaga su daga ƙasa, a kashe wutar gida idan ruwa ya shigo. Ƙaramar waya mai maɓalli, mai rediyo da tocila, kan yi kwanaki da caji ɗaya; ta cancanci wuri a gida ko da kowa na da babba. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Wayar da ta faɗa ruwa a kashe ta nan take, kada a sa ta caji, a kai wa mai gyara; binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa kan hakan.

Ga na ƙetare, jikar da aka turo a watan Mayu don yaɓe gindin bango, gyara indararo da buɗe wa ruwa hanya ta fi jika goma da za a turo a Satumba don sayen tamfol. Kafin ya tura bidiyo gaba, ya tambayi wanda ya turo masa: ina ne, yaushe ne, wa ya ɗauka? Zauren ƴan gari kuma na iya naɗa mutum biyu ko uku da maganarsu kaɗai za a ɗauka a matsayin gargaɗi, ya kuma san tun yanzu gidajen tsofaffi da marasa lafiya da za a fara bugawa ƙofa.

Sauran aikin na hukumomin birane ne da kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai sa ido a kansu: wace magudana aka yashe bana, wane fili aka hana ginawa, kuma wa zai tura saƙo idan hadari irin na 30 ga Agusta ya sake haɗuwa. Hasashen damina kan fito a ƙarshen Afrilu, ruwan farko kan sauka a kudu a Mayu ko Yuni. Tsakanin nan ne ya kamata jama'a su ji amsa.